Inabin Yahuza Mai Rigar Sanyi

A duk layin da ke bayan gidajen jakadu a Maitama babu mai gadi ko direban da bai san Yahuza ba, domin Yahuza ba ya barin mutum ya zauna bai san shi ba. Aikinsa ban-ruwan furanni ne a gidan Madam Justina, amma in ka tambaye shi sai ya ce maka shi likitan tsirrai ne. A faɗarsa babu ganyen da Allah ya halitta da zai kalla bai faɗi sunansa ba, har da ƙasar da kakanninsa suka fito. Gaskiyar magana kuwa a tsakiyar Fagge aka haife shi, da tallar cajar waya ya girma, kuma iyakar noman da ya taɓa yi shi ne wata albasa da ta tsiro da kanta a ƙarƙashin gadonsa. Ranar da ya kama aiki Madam ta saya masa safar hannu ta roba, koriya shar, har gwiwar hannu. Tun daga ranar ba ya cire ta sai zai yi alwala ko zai ci tuwo.

Shi da matarsa Hafsah a Mpape suke haya, can saman tudu, kusa da inda ake fasa dutse. Duk sanda aka tayar da nakiya sai kwanukan Hafsah su yi ta rawa a kan kanta, bangon ɗakin kuwa ya tsage har kana hango wanda ke wucewa. Hafsah ta gaji da wannan zama, kuma ba ta ɓoye masa. To, sai ga shi kukun gidan Madam ya ajiye aiki ya koma garinsu, ɗaki ya zama babu kowa a boyis kwata, ɗaki mai tayil da famfo da wutar da ba ta ɗaukewa. Yahuza ya leƙa ta taga sau ɗaya, ya dawo ya kasa cin abinci.

Madam Justina ta sa an kafa wata ƙatuwar rumfar ƙarfe a tsakar gida, ba rufi ba inuwa, don a ƙarƙashinta take so a karɓi dangin saurayin 'yarta Gift in sun zo gaisuwa bayan ɗaukewar damina. Ta kira Yahuza ta nuna masa.

"Yahuza, ka ga wannan rumfa? Ina so ganye ya rufe shi gaba ɗaya, fulawa yana sauko a kan baƙi. In ka yi mini wannan, ranar da baƙi suka tafi zan ba ka makullin ɗaki. In ba ka iya ba, gaya mini yanzu, ban son labari."

"Madam," in ji Yahuza, yana gyara safar hannu, "ki fara neman wanda zai riƙa yanke ganyen, don rufewar da zai yi sai an kunna fitila da rana."

Ya shuka abin duniya a gindin rumfar nan. Wanda ya sayo a bakin titi ya bushe. Wanda ya roƙo a maƙwabta ya ruɓe, saboda yana ba shi ruwa safe da rana da yamma, a tsakiyar damina kuma. Kowace shuka ta mutu sai ya ce dama jabu ce. Rumfa tana nan tsaye tsirara.

Wata safiya yana shara a gindin katangar da ta raba su da gidan wani jakada, sai ya ga wani tsiro ya fito, ganye uku-uku, yana miƙa hannu yana neman abin kamawa. Yahuza ya saki tsintsiya. Ya dubi tsiro, ya dubi katanga, ya dubi tutar da ke kaɗawa a can ciki, nan take lissafi ya haɗu masa.

"Thaddeus! Zo ka ga arziki!"

Thaddeus mai gadi ya fito daga ɗakinsa na bakin get, ya sunkuya ya duba. "Wannan ai kamar wake ne."

"Wake? A Maitama? Ka taɓa ganin wake ya samu fili a Maitama? Minista ma da ƙyar yake samu. Wannan inabi ne. Jakada ya ci a bayan katanga ya tofo ƙwallon, ya tsallako."

"Amma Malam Yahuza, ba nan ne aka juye kashin shanu da aka kawo daga Dei-Dei ba?"

"To shi ya sa ya zaɓi wurin. Ɗan babban gida ai ya san inda abinci yake."

Thaddeus ya zaro wayarsa ya ɗauki hoton ganyen, ya tambaye ta. Waya ta ce dangin wake ne.

"Wayar da ka saya hannu na uku a bakin titi?" in ji Yahuza. "Ita kanta ba ta taɓa cin inabi ba, ina za ta san shi?"

Sai aka shiga babbar shawara, wato inda za a ajiye baƙo. Yahuza ya ce tsiron ƙasar sanyi ba a jefa shi cikin ranar Abuja haka kawai, sai an bi da shi a hankali. Ya tone shi ya sa a bokitin fenti. Da Madam ta yi tafiya ya lallaɓa ya ajiye bokitin a falo, daidai ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, yana ba shi ruwan ƙanƙara daga firji. Ba a daɗe ba ganye ya yi laushi ya sunkuyar da kai.

"Zai mutu fa," in ji Thaddeus.

"Kewar gida ce. Kai da aka kawo ka daga Jos ba ka yi wata guda kana zawo ba?"

Da abin ya ƙi, Yahuza ya yanke cewa iskar tudu ce maganinsa, ya rungumi bokiti ranar Asabar ya shiga motar Mpape. Kafin ya kai ƙofar gida labari ya riga shi, domin shi da bakinsa ya sanar da duk wanda ke cikin motar. Matan gidan haya suka fito suka kewaye bokiti. Wata ta ce waken suya ne. Wata ta ce ta taɓa ganin irinsa a bayan makewayi. Hafsah ta kore su da ido, ta ce mijinta ya fi su sani, ai shi yake aiki da manya.

Ana cikin haka sai ga Mama Serah ta dawo daga gona. Tsohuwar Bagwariya ce, tun kafin a kafa Abuja danginta suke noma tudun nan, ga kwandon doya a kafaɗa yadda matansu ke ɗauka. Ta leƙa bokitin, ta ja da baya har doya ɗaya ta faɗo.

"Wa ya kawo karara cikin gida? Yahuza, ɗana, kai shi wuta yanzu-yanzu. Wannan in ya yi 'ya'ya, ko soja ya taɓa sai ya cire wando a kasuwa."

Karara dai waken daji ce mai ƙaiƙayin bala'i, duk wanda ya tashi a ƙauye ya san ta. Yahuza bai tashi a ƙauye ba, sai ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Mama, da girmanki. Naku na daji daban, na jakada daban. Ke kin taɓa shiga Maitama?"

"Maitama gonan babana ne kafin a sa masa get."

"To ai tun da aka sa get komai ya canza. Yanzu ko ciyawa ba ta shiga sai da izini."

"Na gaya maka dai."

"Na ji, Mama. In ya nuna zan aiko miki da ɗaya ki ɗanɗana, ki ba jikoki labari."

Yana cikin wannan jawabi akuyar maƙwabci ta zagayo ta bayansa ta yi wa baƙon jakada aski, ta bar ganye biyu kacal. Yahuza ya yi ihu ya bi ta. Akuya ta gangara tudu, ya gangara. Ta tsallake kwata, shi bai tsallake ba. Da aka jawo shi, baƙi ƙirin tun daga ƙirji har ƙafa, abin da ya fara cewa shi ne, "Kun gani ko? Dabba ma ta san abu mai tsada. Ga ganyen masara nan birjik ba ta kalla ba."

Ya ce Mpape ba wurin zaman mai daraja ba ne, ya mayar da bokiti Maitama. Da yake ya rasa inda zai kai shi, kuma Madam ta dawo ta hana shi falo, sai ya dasa ɗan abin da ya rage a gindin rumfar ƙarfe, yana ba shi haƙuri.

Abin da karara take nema ke nan tun farko, rana da ruwan sama da abin hawa. Ta kama ƙarfe ta haye. Kafin a ce me, ta rufe gefe ɗaya, ta tsallaka ɗaya gefen, ta sauko ta kama fitilar tsakar gida, ta fara neman hanyar wayar janareto. Yahuza ya daina tafiya yadda mutane ke yi, sai taku ɗai-ɗai, hannu a baya. Masu gadin layin suka riƙa leƙowa ta get, yana yi musu bayani kyauta. Da furanni suka fito, shuɗi mai duhu, gungu-gungu suna reto daga sama, Madam Justina da kanta ta tsaya a ƙarƙashi ta yi ta ɗaukar hoto.

"Yahuza, ashe da gaske kake! Mene ne sunan shi?"

"Inabin jakada, Madam. A duk Najeriya gida biyu ne ke da shi, kuma na wancan gidan bai kai namu ba."

Thaddeus ya so ya ce wani abu, Madam ta ce masa shi aikinsa get, ya bar masu ilimi su yi nasu.

Da ruwa ya ɗauke, furanni suka zube, 'ya'ya suka fito. Ba su yi kama da inabi ba ko a mafarki. Dogaye ne kamar yatsu, a lanƙwashe, sun lulluɓe da gashi ruwan zuma mai sheƙi. Madam ta ɗaga kai ta yamutsa fuska.

"Yahuza, inabi kuma da gashi?"

Ko gezau bai yi ba. "Madam, ƙasarsu dusar ƙanƙara ake yi. Da rigar sanyi ake haihuwarsu. In ya nuna sai a tuɓe masa rigar, inabin yana ciki."

Ya kafa doka, ba mai taɓawa sai ranar biki. Shi da ke taɓawa kuwa safar hannu ta tsare shi. Sau ɗaya Thaddeus ya wuce ta ƙarƙashi ya wuni yana susar wuya, Yahuza ya ce kuɗin cizon ɗakin gadi ne, ya je ya shanya katifa.

A can Mpape Hafsah ta gama shiri. Ta sallami mai gidan hayarsu, shi kuwa bai ɓata lokaci ba ya ba wani lebura ɗakin, aka yi da shi zai shigo da tabarmarsa ranar da za su fita. Ta raba wa maƙwabta murhunta da tulun ruwa, ta ce inda za ta famfo ne a cikin ɗaki. Ta yi magana da mai a-kori-kura ya kwashe su ranar bikin da la'asar, don Yahuza ya ce kafin su iso makulli yana aljihunsa. Murna take yi ta gaske, irin wadda ta daɗe ba ta yi ba.

Ranar gaisuwa gida ya cika. An jera kujeru masu farar riga a ƙarƙashin rumfa, dangin Gift a dama, dangin saurayi a hagu, fasto a tsakiya, makaɗa a gefe. Mata sun sha leshi da ɗauri, maza sun sha manyan riguna. Saboda zafi, masu hayar kujeru suka kafa manyan fankoki a kusurwa huɗu. Yahuza ya sa kaftaninsa na Sallah, ga safarsa a hannu, yana zagayawa kamar shi ne uban amarya.

Da aka gama addu'a Madam ta miƙe ta ce kafin a ci abinci tana so surukai su ɗanɗani wani abu da ba a samu a kasuwa. Ta yafito Yahuza. Ya fito da doguwar gora a hannu, ya karɓi makirufo ba a ba shi ba.

"Manyan baƙi, abin da ke saman kanku daga ƙasar waje ya zo. Ni na gane shi tun yana ganye uku, lokacin da jahilai ke cewa wake ne. Yau za a tuɓe masa riga a gabanku."

Uban saurayi, wani dattijo mai furfura da ya yi yarintarsa a gona, sai yanzu ya ɗaga kai ya dubi rufin da kyau. Idonsa ya fito. Ya miƙe yana ɗaga hannu biyu.

"Kai! Kai yaro! Kada ka..."

"Kwantar da hankalinka, Baba, kai za a fara ba," in ji Yahuza, ya ɗaga gora ya zabga wa rumfa.

Bai tsaya a ɗaya ba, ya ƙara, ya kuma ƙarawa. Busassun 'ya'ya suka yi ta zubowa, wani gari mai sheƙi ya tashi a iska, fankoki huɗu suka karɓa suka raba wa kowa rabonsa, ba babba ba yaro.

Da farko abin cikin mutunci aka fara shi. Wata hajiya daga dangin saurayi ta sa ɗan yatsa ɗaya a bayan kunne. Fasto ya gyara kwalar riga, ya sake gyarawa. Wani mai babbar riga ya jingina da kujera yana goga baya a hankali, yana murmushi kamar yana jin daɗin jawabi. Sai kafaɗu suka fara motsi layi-layi. Makaɗa, da yake suna can gefe iska ba ta kai gare su ba, suka ga manya sun fara rausaya, suka ɗauka an ba su izini ne, suka saki ganga.

"Kun gani!" Yahuza ya yi ihu a makirufo. "Tun ba a ci ba ƙamshinsa ya tayar da rawa!"

Ai kuwa aka tashi. Uban saurayi ya tuɓe babbar riga ya yi jifa da ita, yana tsalle da ƙafa ɗaya. Fasto ya rungumi ƙarfen rumfa yana goga ƙirji, wanda hakan ya ƙara girgizo wani garin. Ɗaurin mata ya yi ta faɗuwa. Makaɗa suka ga rawa ta yi zafi suka ƙara wuta. Mai dafa abinci, wata Bayarabiya, ta leƙo daga kicin ta ƙwala ihu da sunan karara a yarensu, "Werepe! Werepe ne o! Ku kawo manja!" Saurayi ya manta da amarya ya yi tsalle ya faɗa wurin ninkaya da takalminsa, abokansa suka bi shi, suka fito suna cewa ruwan ya ƙara wa ƙaiƙayin ƙarfi. Gift tana kuka tana susa da hannu biyu. Aka fito da jarkar manja, masu farin leshi suna layi suna shafawa har wuya.

Yahuza yana tsaye yana cewa a kwantar da hankali, wannan alama ce ta jinin da bai saba da kayan waje ba, sai ya ji wani abu ya sauka ta wuyan kaftani ya gangara gadon baya. Ya haɗiye sauran maganar. Ya ɗan motsa kafaɗa. Gumi ya keto masa, ya sa hannu ya share fuska da wuya, da safar da ta wuni tana damƙar karara.

Ihun da ya yi ta makirufo ya fita, har masu gadin gidan jakada suka leƙo ta saman katanga. Ya yar da gora, ya tuɓe kaftani, ya kwanta a ciyawa yana birgima. Ya tashi ya rungumi bishiyar dabino yana goga baya. Thaddeus, wanda ke bakin get lafiya lau, ya zo da sauran manja ya juye masa a ka.

"Malam likita, in tuɓe maka rigar inabin ko ka ƙoshi?"

Madam Justina ta iso, ɗauri babu, fuska jawur da manja, tana susar damtse da cokalin miya. Ba ta ɗaga murya ba.

"Yahuza. Cire safar hannuna ka ajiye. Thaddeus, buɗe masa get. In na sake ganin shi a wannan layi, kai ma ka bi shi."

"Madam, a bar shi ya huce, wataƙila bai gama nuna ba ne..."

"Fita!"

Get ya buɗe, Yahuza ya fito ba riga, manja na ɗiga daga gemu. A daidai lokacin a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida, an ɗaure katifa da kwanuka da buhun kaya, Hafsah a gaba cikin sabon mayafi, matan gidan haya uku a baya sun zo rakiya. Suna ganin get ya buɗe suka saki guɗa. Guɗar ta mutu a tsakiya.

Hafsah ta sauko a hankali. Ta dubi mijinta daga sama har ƙasa, ta dubi baƙin da ke fitowa a guje suna susa suna faɗawa motoci.

"Malam, ina makullin?"

"Hafsah, wato... an ɗan samu canjin tsari. Ni ne ma na ce ba na so. Ɗakin ba ya samun iska."

Hafsah ta juya masa baya. Ta sa bakin mayafi ta goge ido, ta koma mota ta zauna ta rufe ƙofa. Wannan ya fi ƙaiƙayin yi masa ciwo, kunya ta kama shi har ya daina susa na ɗan lokaci.

Direba ya leƙo ta taga. "Oga, to yanzu ina muka nufa? Can da muka fito na ga wani har ya shimfiɗa tabarma."

Yahuza ya dubi titi ta dama, manyan gidaje ne da get. Ya dubi ta hagu, su ne dai. Ya kama ƙarfen motar zai hau baya.

"Mu je kawai, direba. Ni in na ga gidan da ya dace da mu, kallo ɗaya zan yi masa in gane shi."

Hafsah ta sauke gilashi.

"Kada ka hau mini katifa da wannan jikin. Ka biyo mu a ƙafa. Direba, ja mu je, kuma duk gidan da ya nuna, ka wuce shi."